Cinikin Biri a Sama: Nasiha ga Ƙannena Masu Jiran Sabon Gem



Daren 4 ga Disamba 2023 kamfanin Rockstar ya saki tallan farko na GTA VI. Sai washegari aka shirya fitar da shi, amma wani ya riga su watsa shi a intanet, suka ga babu amfanin ɓoye abin da duniya ta riga ta gani. Tsawon tallan minti ɗaya da rabi ne kacal. Kafin kwana ya zagayo an kalle shi fiye da sau miliyan 90 a YouTube.

Da yammacin washegari na bi ta gaban shagon gem na unguwarmu. Talabijin huɗu a kunne, janareta yana ta ruri, amma babu kowa a kan benci. Yaran duk sun yi cincirindo a bakin ƙofa, sun rufu a kan wayar mutum ɗaya. A mayar da tallan baya, a tsayar, a nuna kadan nan da ya shiga kanti, a yi musu ko mutanen da ke bakin teku na gaske ne ko zane. Wani ya ce, "Wallahi ranar da wannan ya fito duk sauran gem sun mutu." Wani saurayi ya ce shi ko babur ɗinsa ne zai sayar ya sayi PS5. A cikinsu babu mai ita, shagon ma bai da ita.

Na tsaya na kalla tare da su, kuma abin da suka ji ni ma na ji shi. Ni ma da kuɗin tara na fara, mu haɗa ni da abokina mu biya wasa ɗaya na Winning Eleven, wanda aka ci ya miƙa wa na baya. Na san daɗin abin, na san yadda zuciya take bugawa idan aka ce sabo yana tafe. Saboda haka kada ku ɗauki wannan rubutu a matsayin faɗan dattijon da ke ganin gem ɓata lokaci ne. Magana ce ta yayanku wanda ya riga ku zama a kan bencin, ya ga tallace-tallace da yawa sun zo sun wuce, ya kuma ga abin da ya biyo bayansu.

A ƙarshen wancan talla an rubuta 2025. A watan Mayun 2025 aka ɗage zuwa 26 ga Mayu 2026. A watan Nuwamba aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026. Da saurayin nan ya sayar da babur ɗinsa a wancan makon, da kusan shekara uku zai yi yana tafiya a ƙasa yana jiran abin da bai iso ba.

Abin da nake so ya fara zauna muku a kai shi ne, abin da kuka kalla talla ne. Mun san talla tun muna yara. Duk wanda ya girma da kaset ɗin finafinan Hausa ya san mintunan nan na farko kafin fim ya fara, inda ake jero masu zuwa. An tsamo waƙar da ta fi daɗi, an tsamo marin da ya fi ƙara, an tsamo inda jaruma ta fashe da kuka, mai murya yana cewa yana nan tafe. Sau nawa fim ya zo muka tarar duk daɗinsa a tallan ya ƙare? Mai atamfa a Kantin Kwari ma gefen da ya fi ɗaukar ido yake warware maka. Haka kasuwa take, kuma ban ga laifin mai kaya ba idan ya yabi kayansa. Mai saye ne ya kamata ya tuna cewa gefe guda aka nuna masa.

Tallan gem ya wuce na atamfa, domin atamfar tana nan a shago, kana iya taɓa ta. Shi kuwa gem, sau da yawa lokacin da ake tallansa bai ma wanzu ba. A 2005, a taron E3 na birnin Los Angeles, Sony ya nuna wani wasan yaƙi mai suna Killzone 2, mutane suka riƙe baki don kyau. Daga baya ta bayyana cewa bidiyo ne aka zana na yadda ake fatan wasan zai kasance, ba wasan ake bugawa ba. Sai 2009 ya fito. A 2012 Ubisoft ya nuna Watch Dogs da ruwan sama da fitilu masu ɗaukar hankali, da ya fito a 2014 kowa ya ga an rage masa armashi. A 2018 Bethesda ya nuna duwatsu da sararin sama da suna, The Elder Scrolls VI, abin bai kai minti ɗaya ba, aka tashi ana tafi da ihu. An shafe fiye da shekara bakwai ba a sake nuna komai ba.

Me ya sa suke yin haka? Saboda talla ɗaya mutane da yawa yake yi wa magana. Yana yi wa masu hannun jari magana, su ga kamfani yana da abin da zai kawo kuɗi gobe. Yana yi wa ƙwararrun da ake son ɗauka aiki magana. Yana yi wa wanda ke tsaye a kanti yana shawarar PlayStation zai saya ko Xbox magana. Kai kuma da ka ƙona datarka ka kalla sau goma, ka tura wa abokai, ɗokinka shi ne shaidar da za a kai gaban masu kuɗi. Shi ya sa duk lokacin da aka ɗage GTA VI, farashin hannun jarin Take-Two, uwar kamfanin Rockstar, yakan faɗi nan take. Ranar fitowar gem magana ce ta kasuwar hannun jari tun kafin ta zama maganar yaran unguwa. Idan za ku kalli talla, ku sa ido a kan ƙananan rubutun da ke ƙasan allo, inda akan faɗi ko daga cikin wasan aka ɗauko hoton da kuma a kan wace na'ura. Ku duba ko kun ga taswira da ma'aunin rai da sauran abubuwan da mai wasa yake gani a gabansa. Idan babu su, fim kuke kallo.

Yanzu bari in daɗe a kan labari ɗaya, domin a cikinsa akwai kusan duk abin da nake son faɗa.

Kamfanin CD Projekt na ƙasar Polan ya sanar da Cyberpunk 2077 tun a 2012. Kamfani ne mai suna mai kyau, musamman bayan The Witcher 3 na 2015, wanda ya sa mutane suka yarda da shi ido rufe. A 2019 jarumin finafinan Amurka Keanu Reeves ya fito kan dandamali ya sanar da ranar fitowa, zauren ya kaure da sowa. Aka sa Afrilun 2020, aka ɗage zuwa Satumba, aka ɗage zuwa Nuwamba, aka ɗage zuwa 10 ga Disamba. Kafin wannan rana mutum miliyan 8 sun biya kuɗinsu. Kamfanin da bakinsa ya faɗa cewa kuɗin waɗanda suka biya tun kafin fitowa ya rufe abin da aka kashe wajen ƙera wasan da tallansa. Ku tsaya ku auna wannan magana. Tun kafin mai saye ko ɗaya ya taɓa wasan, an mayar da uwar kuɗi.

Ga kuma abin da masu biyan ba su lura da shi ba. 'Yan jaridar da aka ba wasan su yi sharhi kafin ya fito, na kwamfuta kawai aka ba su. Ba a ba kowa na PS4 ko Xbox One ba, alhali a kan waɗannan na'urori miliyoyin mutane za su buga shi. Da ranar ta zo aka gane dalili. A tsofaffin na'urorin wasan yana sanƙarewa, yana mutuwa a tsakiyar tafiya, motoci suna nutsewa cikin ƙasa, fuskokin mutane suna zuwa babu ido babu hanci sai daga baya su cika. Bayan mako guda Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet, ya ce duk mai so a mayar masa da kuɗinsa, abin da ba a saba gani ba ga babban wasa irin wannan. Sai watan Yunin 2021 ya koma. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, Marcin Iwiński, ya fito a bidiyo ya nemi gafara.

An gyara wasan daga baya. Zuwa 2023, da aka fitar da babban gyara tare da ƙarin labarin Phantom Liberty, ya zama abin yabo, kuma ina cikin masu yabonsa. To amma ku kwatanta mutum biyu. Na farko ya biya cikakken kuɗi tun kafin Disambar 2020, ya sami kaya a lalace da ɓacin rai. Na biyu ya jira, ya saye shi da rangwame, ya same shi a gyare. Wasa ɗaya suka saya. Wanda ya fi ƙaunar wasan, wanda ya fi ɗokinsa, shi aka fi cuta. Wannan ne yake mini ciwo a harkar nan: mai ƙauna shi ke ɗaukar asara.

Hausawa suka ce ba a cinikin biri a sama. A zamanin faifai akwai hujjar bayar da kafin alƙalami, domin kanti yana iya kawo guda hamsin su ƙare kafin azahar. Gem ɗin da ake saukewa ta intanet kuwa ba ya ƙarewa. Ba buhun taki ba ne da za a ce wanda ya makara ya rasa. Wanda ya zo ranar farko da wanda ya zo bayan wata guda, abu ɗaya za su sauke, sai dai ma na bayan ya tarar an toshe ramuka. Abin da ake ba ka don ka biya da wuri bai wuce wata riga ko wata bindiga ta cikin wasan ba, wadda bayan awa biyu za ka sami wadda ta fi ta.

Mu kuma a nan namu ya fi tsanani. Baturen da ya saya a kantin gem na intanet na Steam yana da damar neman kuɗinsa cikin kwana 14 matuƙar bai buga fiye da awa biyu ba. Yawancinmu asusun wata ƙasa muke buɗewa, mu sayi katin kuɗi a hannun 'yan tsakiya da farashin dala, mu ƙara da kuɗin datar da za ta sauke abu mai nauyin gigabayit 100. Idan kaya ya fito a lalace, wa za ka kama? Manyan wasanni yanzu dala 70 ne, Nintendo ma ya sa wa Mario Kart World dala 80 a 2025. Ku juya wannan zuwa naira ko sefa ko sidi, ku ga kwana nawa mahaifinku ko ku kanku za ku yi kafin ku tara shi. Kuɗi irin wannan ya cancanci ka ga biri a ƙasa, ka zagaya shi, ka duba haƙoransa.

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne kawai. Wane shago ne a Kano ko Zinder ko Kaduna bai san PES ba? A 2021 Konami ya canja masa suna zuwa eFootball, ya ce kyauta ne, ya ce sabon zamani ya zo. Ranar 30 ga Satumba ya fito, hotunan fuskar Messi da Ronaldo a murɗe suka cika intanet, 'yan wasa suna gudu hannu a baya, ƙungiyoyi 'yan ƙalilan. Ya shiga sahun wasannin da suka fi shan mummunan sharhi a tarihin Steam, kamfanin ya ba da haƙuri, sai Afrilun 2022 aka sami wanda za a iya kira cikakke. Masu shagunan da ba su yi gaggawar goge PES 2021 ba su ne suka ci kasuwa a watannin nan.

Wannan maganar aljihu ce. Akwai wadda ta fi ta nauyi a wurina, ita ce maganar baki.

Lokacin da aka ɗage Cyberpunk na ƙarshe, kwana 21 kawai aka ƙara. A kan kwana 21 ɗin nan ma'aikatan kamfanin suka riƙa samun saƙonnin barazanar kisa. Waɗannan mutane ne da aka riga aka ɗora musu aikin kwana shida a mako don su cimma ranar da ba su suka sa ba. A 2016 an yi irin wannan ga Sean Murray, shugaban wani ƙaramin kamfani mai suna Hello Games a garin Guildford na Ingila, saboda an ɗage No Man's Sky da mako bakwai. Har ɗan jaridar da ya fara ba da labarin ɗagewar bai tsira ba. A 2020 wata mai aron murya, Laura Bailey, ta sha barazana a kanta da iyalinta saboda abin da wata 'yar cikin labarin The Last of Us Part II ta aikata. Mace ta karanta rubutun da aka ba ta, ta karɓi ladan aikinta, aka bi ta da barazana a kan laifin mutumin da babu shi a duniya.

Na san za ku ce ku ba ku yi wa kowa barazana ba. Na yarda. Amma ina ganin abin da kuke rubutawa a Facebook da TikTok, ina jin abin da ake faɗa a shago. Ashar da tsinuwa sun zama ruwan sha. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya kalli wansa ba, sai ka ga ya zagi uwar mutumin da bai taɓa gani ba a kan an ɗage wasa. Tarbiyyar da aka yi muku a gida ba ta tsayawa a bakin waya. Wanda ke karanta zagin nan mutum ne mai iyali, kuma galibi ƙaramin ma'aikaci ne wanda ba shi da ta cewa a kan farashi ko ranar fitowa. Shi ne ma farkon wanda ake sallama idan lissafi ya ƙi. A Janairun 2024 Microsoft ya sallami mutum 1,900 daga sashen wasanninsa, wata guda bayan haka Sony ya sallami kimanin 900.

Labarin No Man's Sky bai ƙare a nan ba. Gaskiya ne Murray ya yi alkawuran da wasan bai cika ba a ranar farko, ciki har da haɗuwa da sauran 'yan wasa a sararin samaniya, kuma waɗanda suka ji haushi suna da hujja. Shi da mutanensa, waɗanda ba su kai ashirin ba a lokacin, suka yi shiru suka koma aiki. Shekara bayan shekara suna ƙara abubuwa kyauta, har a 2018 suka kawo wasan haɗin gwiwar da aka yi ta kuka a kai. Yau ana buga misali da su. Da barazanar nan ta kai su ga rufe kamfani, da duk wannan bai samu ba.

Ban ce ku zama 'yan amshin shata ba. Ƙorafi haƙƙin mai saye ne, kuma yana aiki idan an yi shi a kan abin da ya dace. A Nuwambar 2017 EA ya shirya fitar da Star Wars Battlefront II da wani tsari na akwatunan sa'a: ka biya kuɗi na gaske, a buɗe maka akwati, ko ka dace ko ka tashi a tutar babu. 'Yan wasa suka yi lissafi suka nuna cewa wanda bai biya ba sai ya shafe awoyi masu yawa kafin ya buɗe jarumi ɗaya. Suka kawo hujja da lambobi, suka tsaya a kai. Sa'o'i kaɗan kafin wasan ya fito kamfanin ya dakatar da sayar da komai a cikinsa. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatuna caca ne, har EA ya daina sayar da kuɗin cikin FIFA a ƙasar. Wannan fushi ne mai amfani, domin an san abin da ake so a gyara, an kuma nufi masu yanke shawara. Ku da ke buɗe fakitin 'yan wasa a EA FC da eFootball, ko kuke juya sa'a a Free Fire da PUBG don wata riga, ku san cewa ko a ƙasar Turawa an kira abin da sunansa.

Akwai kuma fushin aro, wanda shi ne na fi jin tsoro a kanku. Da yawa daga masu tashoshin YouTube da kuke bi, abincinsu yana cikin tashin hankalinku. Bidiyon da aka ce wasa ya yi daidai ba ya jan masu kallo. Wanda aka ce an ci amanar 'yan wasa, ko an ce wannan shi ne mafi girma a tarihi, shi ke kawo kuɗi. Saboda haka kowace sanarwa sai an mayar da ita ko biki ko makoki. Kai kuma ka kwaso fushin ka shigo da shi unguwa ba ka san asalinsa ba. A 2024 Ubisoft ya nuna Assassin's Creed Shadows, wanda ɗaya daga jarumansa Yasuke ne, mutumin Afirka da tarihi ya tabbatar ya yi hidima a fadar Oda Nobunaga a Japan a 1581 zuwa 1582. Wasu 'yan Japan sun yi ƙorafi na gaskiya a kan yadda aka taɓa tarihinsu da wuraren ibadarsu. Amma wani babban kaso na hayaniyar daga mutanen da ba sa son ganin baƙar fata a matsayin jarumi ya fito. Na ji yaranmu suna maimaita kalaman waɗannan mutane kalma da kalma, ba su san da su ake ba. Abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Haka ma rainin wasan waya. A 2018 Blizzard ya sanar da Diablo Immortal a taronsa na BlizzCon, da aka ji cewa na waya ne zauren ya ɗauki ihun ƙin amincewa. Mutanen nan suna da dalilinsu, sun biya kuɗi mai yawa sun zo suna jiran na kwamfuta. Kai da wayar nan ita ce PlayStation ɗinka, ita ce silimarka, ita ce makarantarka, me ya kai ka ɗaukar raininsu kana ce wa abokinka ba ɗan gem na gaske ba ne?

Hukuncin ganin farko yana kuskure ta ɗaya gefen ma. A 2001 Nintendo ya nuna sabon Zelda da zane irin na katun, masoya suka yi ca, suka ce an mayar da jaruminsu abin wasan yara. The Wind Waker ke nan, wanda yau ake lissafa shi cikin mafi kyawun jerin, kuma zanen da aka zaga shi ne ya hana shi tsufa. Minti biyu na talla ba su isa a yanke wa aikin shekara biyar hukunci ba, ko na yabo ko na suka.

Wata masifa kuma tamu ce ta musamman. Ɗan maƙwabcina ya zo mini ido ya yi ja, wayarsa ta cika da tallace-tallacen banza, asusunsa na sada zumunta ya koma hannun wani yana roƙon kuɗi da sunansa. Da na bincika, ashe wani bidiyo ya gani an ce ga GTA VI na Android, ya bi mahaɗin, ya ƙarar da datar da ya tara kuɗinta mako guda, ya ba manhajar duk izinin da ta nema. Ƙannena, Rockstar PS5 da Xbox Series X da S kawai ya ambata. Duk wanda ya ce maka ga shi a waya, ko ga na gwaji kafin kowa, ɓarawo ne da ya san kana ɗoki ya ɗana maka tarko a daidai inda ɗokin yake. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata, kuma a nan wahalar takan kai har asusun banki.

Abin da ya rage shi ne jiran kansa. GTA V ya fito a Satumbar 2013. Yaron da ke aji shida na firamare a lokacin, yau wataƙila ya gama jami'a, wataƙila ma yana da ɗa. Masoyan Hollow Knight sun jira ci gabansa, Silksong, daga Fabrairun 2019 har zuwa 4 ga Satumba 2025. Shekara shida da rabi wasu suna kwana a gaban kowane taron sanarwa, idan ba a ambace shi ba su tashi da baƙin ciki. Mutum uku ne ƙashin bayan kamfanin da ya ƙera shi, Team Cherry, a birnin Adelaide na Ostireliya. Ba su biye wa hayaniya ba, suka ci gaba da aikinsu, suka faɗi rana saura mako biyu, suka sa dala 20. Ranar da ya fito Steam ya cushe don yawan masu saye. Wanda ya yi shekara shida yana ƙorafi da wanda ya manta da batun ya ci gaba da rayuwarsa, rana ɗaya suka samu.

Na lura da wani abu a tsakaninku: wasu sun fi ɓata lokaci a kan maganar gem ɗin da bai zo ba fiye da buga wanda ke hannunsu. Awa uku ana kallon wani yana fassara inuwar da ta gifta a talla. A wannan awa ukun da ka gama wani babi na wasan da ka bari a rabi, da ka yi bitar karatunka, da ka taya mahaifiyarka aike. Wasu cikinku ma suna da basirar da za su koyi yadda ake ƙera abin. Unreal da Unity da Godot duk ana sauke su kyauta a fara koyo, kuma labaran Bayajidda da Sarauniya Amina da kasuwancin rairayin Sahara suna nan suna jiran mai mayar da su wasa. Wanda ya taɓa gwada sa ɗan mutum ya yi tsalle a allo ba tare da ya faɗa cikin ƙasa ba, ba zai ƙara zagin wanda ya nemi ƙarin wata shida ba.

Kwanan baya saurayin nan mai babur ya tare ni ya ce, "Yaya, kai ba ka ɗokinsa ne?" Na ce masa ina yi, sosai ma. Na gaya masa yadda na shirya. Ranar da ya fito ba zan fitar da ko kwabo ba. Zan bar mako biyu su wuce, in kalli talakawan 'yan wasa suna buga shi a kan irin na'urar da zan iya samu, in ji ta bakin waɗanda suka saya da kuɗinsu, ba waɗanda aka aika wa kyauta ba. Idan ya yi kyau, yana nan ba inda za shi. Ya yi shiru, sannan ya ce mako biyu da yawa. Na tuna masa cewa ya riga ya jira fiye da shekara biyu.

Babur ɗin yana nan, da shi yake kai ƙannensa makaranta da safe. Jiya da na wuce na gan shi a jingine a ƙofar shagon. Mai shi yana ciki a kan benci, an ci shi ɗaya ya rama biyu, saura minti uku a tashi, yaran da ke bayansa suna ta ihu a ba shi ƙwallo.